Kuɗin Gini a Hannu, Kango a Baya: Masu Sayen Gida Bayan Gobarar Kalifoniya

A ƙidayar jama'a ta 2010, garin Paradise da ke arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka yana da mutum fiye da 26,000. Da aka sake ƙidaya a 2020, mutum 4,764 aka tarar. Tsakanin ƙidayoyin nan biyu akwai safiyar 8 ga Nuwamba, 2018, ranar da layin lantarki na kamfanin PG&E ya tada wuta a busasshen daji, iska ta kwaso ta ta juye wa garin. Gobarar, wadda aka sa wa suna Camp Fire, ta ci rai 85, ta lashe gine-gine fiye da 18,000 a garin da ƙauyukan kewaye. Waɗanda suka rasu an san adadinsu. To sauran dubban mutanen fa, ina suka shiga?

Suna nan da ransu. Wasu sun gangara Chico, birnin da ke ƙasan tudu, wasu sun nufi Sacramento, wasu sun bar jihar baki ɗaya. 'Yan haya dama ba su da abin tsayawa jira. Amma ko a cikin masu gidan kansu, da yawa sun karɓi kuɗin inshora, suka dubi kangon, suka dubi shekarunsu (Paradise gari ne da tsofaffi 'yan fansho suka yi yawa a cikinsa), sai suka je suka sayi ginannen gida a wani wuri.

Irin wannan shawara ce ta sake tunkarar dubban iyalai tun daga 7 ga Janairu, 2025, lokacin da gobara biyu suka tashi a yini guda a yankin Los Angeles, ɗaya a Pacific Palisades kusa da teku, ɗaya a Altadena a gindin duwatsu. Su biyun sun haɗu sun cinye gine-gine wajen 16,000, mutum kimanin 30 suka rasu. Bayan hayaƙi ya lafa, tambayar da ta riƙa yawo a zaurukan taro da ofisoshin lauyoyi ita ce: kamfani ya yi alkawarin biyan kuɗin sake gina mini gida, ni kuma ba zan gina ba, saye zan yi. Nawa zai ba ni?

A wurinmu abin da ke biyo bayan gobara shi ne jaje, da gudummawar 'yan'uwa da maƙwabta, wani lokaci da buhunan siminti da kwanon rufi daga gwamnati. A can ma ana jaje ana taimako, amma makomar iyali tana rataye ne a kan wata takarda da yawancinsu ba su taɓa karantawa ba sai bayan gidan ya zama toka. Duk wanda ya sayi gida da bashin banki, bankin ne ke tilasta masa yin inshora, shi ya sa takardar take kusan kowane gida.

Abin da takarda ta ƙunsa

Yarjejeniyar inshorar gida a Amurka kashi-kashi ce, kowane kashi da iyakar kuɗinsa. Akwai na ginin kansa, wanda shi ne babba. Akwai na gareji da shinge da sauran ƙananan gine-gine. Akwai na kayan cikin gida, daga gado har cokali. Akwai kuma na zaman wucin gadi, wato kuɗin hayar da iyali za su biya kafin su sake samun matsuguni. Abu ɗaya ne ba ya ciki: fili. Hujjar kamfanoni ita ce fili ba ya ƙonewa. A wuraren da ƙasa ke da tsada kamar Pacific Palisades, sau da yawa filin ya fi ginin da ke kansa daraja nesa ba kusa ba, don haka mutum yana iya mallakar gidan dala miliyan uku, inshorar gininsa ba ta kai miliyan ɗaya ba.

Kuɗin ginin ma ba a dunƙule yake zuwa ba. Da farko kamfani yana biyan darajar ginin yadda yake a ranar gobara, bayan ya cire abin da tsufa ya ci. Kamar babur ne da ya shekara biyar yana kabu-kabu: kuɗin sabo daban, kuɗin na hannu daban. Rufin da ya shekara ashirin ba za a biya shi a farashin sabo ba. Ratar da ke tsakanin farashin biyu kamfani yana riƙe ta a hannunsa, ba zai saki ba sai mai gida ya kawo shaidar cewa ya kashe kuɗin wajen maye gurbin abin da ya rasa. Wanda ya karɓi kason farko ya kama gabansa, ya shiga haya ko ya koma wurin 'ya'yansa, ya bar wa kamfani ragowar ke nan. Wannan ragowa kuwa tana iya kai dala dubu ɗari ko fiye.

Sai kuma ƙari biyu da ake rubutawa a yawancin takardu. Na farko ƙari ne a kan iyakar kuɗin gini, sau da yawa kashi 20, 25 ko 50 cikin ɗari, don in tsadar aiki ta zarce abin da aka rubuta. A da akwai kamfanonin da ke alkawarin sake gina gida ko nawa zai ci. Gobarar tsaunukan Oakland ta Oktoba 1991, wadda ta cinye gidaje wajen 3,000, ta koya musu darasi, tun daga nan irin wannan alkawari ya yi wuyar samu. Ƙari na biyu na ƙa'idojin gini ne. Gidan da aka gina a 1960 ba za a yarda a maido shi yadda yake ba. Tun 2008 jihar ta tsaurara sharuɗɗan rufi, tagogi da kafofin iska a yankunan wutar daji, tun 2011 kuma sabon gida sai da bututun yayyafa ruwa a silin. Duk wannan kuɗi ne.

A nan aka daɗe ana jan igiya. Wasu kamfanoni sun riƙa cewa ƙarin nan biyu na mai gini ne a kan tsohon filinsa, wanda ya zaɓi saye bai cancanci su ba. Bayan gobarar Tubbs ta Oktoba 2017, wadda ta shiga cikin birnin Santa Rosa ta cinye gine-gine fiye da 5,600, koke ya yi yawa, majalisar jihar ta gyara doka a 2018. Sashe na 2051.5 na dokar inshorar Kalifoniya yanzu ya fayyace cewa idan gida ya ƙone ƙurmus, kamfani ba shi da ikon hana biya ko rage shi don kawai mai gida ya zaɓi ya yi gini a wani fili ko ya sayi ginannen gida a wani wuri. Kuɗin maye gurbi, ƙarin da ke samansa, da na ƙa'idojin gini, duk suna bin mutum inda ya tafi. Sharaɗi ɗaya ne: jimillar ba za ta wuce abin da sake gina gidan a tsohon wurinsa zai ci ba.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kamfanoni suka fito da wata hujja, kuma in za a yi adalci, ba hujjar banza ba ce. Suka ce: mu gini muka yi wa inshora, ba fili ba. Wanda ya sayi ginannen gida ya sayi abu biyu, gini da ƙasar da yake kai, alhali tsohon filinsa yana nan a hannunsa. In muka biya duka, mun saya masa fili na biyu kyauta. Don haka sai su kawo mai ƙiyasi ya ce gidan nan da aka saya dala 750,000, ƙasarsa ta kai 300,000, saboda haka 450,000 kawai za a lissafa a matsayin kuɗin da aka kashe a gini. Mutanen Paradise da dama sun ci karo da wannan lissafi. Amsar masu kare haƙƙin masu inshora, irin su ƙungiyar United Policyholders da aka kafa a 1991, ita ce ba a sayar da gida a rataye a sama, kuma filin da ya ƙone a garin da ya watse ba shi da darajar da yake da ita jiya. Ban da haka, kamfani ba ya asarar ko sisi fiye da abin da zai biya da a ce mutumin ya tsaya ya gina. A 2020 majalisa ta yanke hukunci, dokar ta fara aiki a 2021: ba a cire darajar ƙasar sabon wuri daga kuɗin da mutum ya cancanta.

Bari mu ɗauki misali, ba na wani takamaiman mutum ba. A ce takarda ta rubuta dala 600,000 ga gini, da ƙarin kashi 25, wato 150,000, da 60,000 na ƙa'idojin gini. Iyakar abin da za a iya karɓa 810,000 ke nan. In an yarda cewa sake gina gidan zai ci 900,000, iyalin da suka sayi gida na dala miliyan ɗaya za su karɓi 810,000 cif, su cika sauran daga aljihu. In sun sayi na 750,000, to 750,000 za su karɓa, ragowar ta zauna wa kamfani, sai dai in sun yi wa sabon gidan gyaran da kamfani ya amince ya lissafa. Amma in kamfani ya kafe cewa sake gina tsohon gidan 650,000 kawai zai ci, to nan ne iyaka, ko gidan miliyan biyu suka saya.

Gidan da ba za a gina ba

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce zuciyar rigimar, kuma ita ce ke ba mutane mamaki. Wanda ya rantse ba zai ƙara kwana a unguwar ba, dole ne duk da haka ya zauna ya gina gidan a kan takarda, ɗaki bayan ɗaki. Tagogi nawa ne, kuma na katako ne ko na alminiyom? Daɓen falo fa, katakon gaske ne ko leda mai kama da katako? Tsawon bango, irin fale-falen banɗaki, murhun ɗumama ɗaki, kabad ɗin kicin da maigida ya ƙera da hannunsa shekara ashirin da suka wuce. Zanen ginin sau da yawa ya ƙone tare da gidan. Sai a koma ga hotunan biki da na zagayowar ranar haihuwa da ke wayoyin dangi, ana leƙen abin da ke bayan kawunan mutane don a gane irin ƙofar da ke wurin.

Jami'in tantance asara na kamfani yana zuba waɗannan bayanai a manhajar kwamfuta, wadda aka fi sani ita ce Xactimate, ta fitar da farashi. Matsalar ita ce bayan babbar gobara farashin kasuwa yana tsere wa na manhaja. Gida dubu goma suna neman magina a lokaci guda, kafinta da mai aikin famfo sun zama sarakuna, katako da siminti sun haura. Shi ya sa masu ba da shawara ke cewa mutum ya biya ɗan kwangila ya rubuta masa cikakken ƙiyasi na gaske, ko da ba shi zai yi aikin ba. Wasu suna ɗaukar masu tantance asara masu zaman kansu, waɗanda ke karɓar kaso daga abin da suka ƙwato. Ga kuɗin ƙa'idojin gini ma haka: sai an nuna a rubuce abin da hukuma za ta tilasta a ƙara da a ce an gina, alhali ba wanda ya nemi izinin gini. Iyali suna cikin makoki, suna zaune a otal, ana kuma sauya musu jami'i bayan jami'i, kowanne ya ce a faro masa labari daga farko.

Akwai kuma abin da doka ba ta taɓa ba, wato ita kanta iyakar da aka rubuta tun farko. Bayan kowace babbar gobara labarin ɗaya ne: kuɗin inshorar mafi yawan mutane bai kai kuɗin gini ba. Haka aka gani a Santa Rosa, haka a Paradise, haka a jihar Colorado bayan gobarar Marshall ta 30 ga Disamba, 2021, wadda ta cinye gidaje fiye da 1,000 a garuruwan Louisville da Superior. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Adadin da ake rubutawa yakan fito ne daga ƙiyasin gaggawa ranar da ake sayar da inshorar, wakili yana son ya ba da farashi mai sauƙi kada mai saye ya tafi wani kamfani, shi kuma mai saye yana murna da rangwame. Shekaru suna wucewa, an ƙara ɗaki, an gyara kicin, tsadar gini ta ninka, takarda tana nan yadda take.

To a nan ne saye yake fara jan hankali. Tsohon gida ginanne a wani gari yakan fi sabon gini arha. Farashinsa a bayyane yake, ba kamar gini ba da ake farawa da adadi ɗaya a gama da wani. A cikin wata biyu an karɓi makulli, yara sun shiga makaranta. Mai gini kuwa zai jira a kwashe toka mai guba, a gwada ƙasa, a zana, a ba da izini, a sami magini, shekara biyu ko uku. Ga dattijo mai shekara 75, wannan ba ƙaramin kaso ba ne na abin da ya rage masa.

Hannun banki, da idon masu haraji

Sai dai caki ba da sunan mai gida kaɗai yake fitowa ba. In akwai bashi a kan gidan, sunan banki yana jikinsa, kuma bashin bai ƙone ba. Kowane wata ana bin mutum kuɗin gidan da babu shi, ko da yake bayan gobarar Los Angeles manyan bankuna sun ba da sassaucin kwana 90 da farko. Ga mai sake gini, banki yana riƙe kuɗin inshora yana saki kaɗan-kaɗan yadda aiki ke tafiya. Ga mai saye kuwa, abin da aka saba shi ne banki ya fara cire bashinsa gaba ɗaya, domin jinginarsa tana kan tsohon fili, ba za ta bi mutum sabon gida ba. A misalinmu na ɗazu, in ana bin iyalin 400,000, abin da zai rage musu daga 810,000 shi ne 410,000. Sauran kuɗin sabon gida sai sabon bashi.

Sabon bashi kuma da sabon kuɗin ruwa yake zuwa. A Janairun 2021 ruwan bashin gida na shekara 30 a Amurka ya sauka ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, miliyoyin mutane suka sabunta bashinsu a wannan rahusa. A Janairun 2025 yana wajen kashi 7. A kan bashin dala 500,000, na farko yana biyan kimanin 2,100 a wata, na biyu kimanin 3,300. Saboda wannan kaɗai akwai iyalan da zuciyarsu ta bar unguwa tuntuni amma suka tsaya gini, don kada tsohon bashi mai arha ya kuɓuce musu. Wuta ce ta ci gida, amma lissafin banki ne ke yanke inda za a kwana.

Ta fuskar haraji an ɗan sassauta wa mai tafiya. Tun 1978 dokar da ake kira Proposition 13 ta ɗaure harajin gida a Kalifoniya ga farashin da aka saye shi, ba ya hawa fiye da kashi 2 a shekara. Wanda ya sayi gidansa a 1985 yana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, maƙwabcinsa da ya zo bara yana biyan ninkin-ba-ninkinsa. Sayen sabon gida yana nufin faɗawa sabon haraji. A Nuwamba 2020 masu zaɓe suka amince da Proposition 19, wadda ta ba wanda gobarar daji ta cinye wa gida damar ɗaukar tsohon ma'aunin harajinsa zuwa ko'ina a jihar, muddin ya sayar da tsohon wurin ya sayi sabo cikin shekara biyu. Gwamnatin tarayya ita ma tana ɗaukar kuɗin inshorar da ya zarce abin da mutum ya kashe a gidan a matsayin riba, amma a yankin da shugaban ƙasa ya ayyana bala'i tana ba da shekara huɗu a zuba kuɗin a wani gida kafin ta nemi nata.

A lura da sharaɗin nan na sayar da tsohon wuri. Filin da aka bari ba ya zama shiru. Ana biyan masa haraji, ciyawa in ta yi tsawo hukuma ta ci tara, in wani ya faɗa rami a ciki mai fili ne da alhaki. Kuma lokacin da kowa ke son sayarwa shi ne lokacin da farashi ke ƙasa. Mai buƙatar kuɗin fili don ya cika na sabon gida ba shi da ƙarfin ciniki, dillalai kuwa sun san haka.

Altadena

Babu inda wannan ya fi zafi kamar Altadena. A zamanin da aka rufe wa baƙaƙen fata ƙofar sayen gida a yawancin unguwannin Los Angeles da Pasadena, yammacin Altadena na cikin 'yan wuraren da suka samu shiga, musamman daga shekarun 1960. Malaman makaranta, ma'aikatan gidan waya, nas-nas, suka sayi ƙananan gidaje suka biya a hankali, suka bar wa 'ya'ya da jikoki. Kafin gobarar, kimanin kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen garin a gidan kansu suke zaune, abin da ya kusan ninka na baƙaƙen Amurka baki ɗaya. Gobarar Altadena, wadda ake kira Eaton, ta fi yi wa wannan ɓangare ɓarna, kuma kusan dukkan waɗanda suka rasu a yammacin titin Lake Avenue suke, inda umarnin a gudu ya iso a makare.

Toka ba ta huce ba wayoyin mutane suka fara ƙara: akwai mai saye, kuɗi a hannu. A cikin mako guda Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a umarnin da ya haramta wa 'yan kasuwa tunkarar mutane da tayin da ya gaza darajar wurin kafin gobara. Alluna suka bayyana a bakin kangaye suna cewa Altadena ba ta sayarwa ba ce. Duk da haka filaye sun yi ta sauya hannu, kuma rahotanni sun nuna kamfanonin gini da masu zuba jari ne suka kwashi kaso mai yawa. Wanda ya kafa allo da wanda ya sayar sau da yawa maƙwabta ne, wani lokaci 'yan ɗaki ɗaya. Gidan gado da aka gama biyan bashinsa tun tuni shi ne ya fi yiwuwa inshorarsa ta tsufa, ko ma babu ita, tunda babu bankin da ke sa ido.

Ba kowace unguwa ce ke watsewa ba. Coffey Park a Santa Rosa ta rasa gidaje fiye da 1,000 a 2017, amma cikin 'yan shekaru mafi yawansu sun dawo. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, gidajen masu kama da juna, magini ɗaya yana iya kama layi guda ya gina, mazauna kuma da yawa masu aiki ne a birnin. Fountaingrove, unguwar masu hali da ke kan tudu a birni ɗaya, ta fi jan ƙafa. Paradise kuwa, shekaru bayan gobara, ba ta maido ko rabin mutanenta ba, kuma a cikin masu zuwa akwai baƙi da arhar fili ta jawo. Har hukumar wuraren shaƙatawa ta garin ta shiga sayen wasu filaye mafi haɗari a gefen gari, don a bar su fayau su zama shinge tsakanin daji da gidaje.

A ganina dokar da ta bar kuɗi ya bi mutum daidai ce, kuma ta makara. Wanda ya shekara talatin yana biyan kamfani bai kamata a ɗaure shi a kan tudun da ya kusa hallaka a kai ba kafin a ba shi haƙƙinsa. Akwai ma wuraren da hankali ya ce kada a sake gini a cikinsu, kuma dokar da ke tilasta komawa tana shirya wa gobara ta gaba abinci ne. Jihar Colorado ta bi sahu a 2022 da irin wannan tanadi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira wannan zaɓi na son rai. Attajirin Palisades da ya sayi gida a wata unguwa yana kuma riƙe da filinsa har farashi ya tashi, shi ya zaɓa. Bazawarar Altadena da kuɗinta ya gaza na gini da dala 300,000, lissafi ne ya kore ta. Doka ɗaya ce ta biya su, amma kowane caki da ya bar unguwa yana rage wa waɗanda suka tsaya maƙwabci, yana rage wa makaranta ɗalibi, yana rage wa coci da shagon kan kwana mutum. Wannan asara ba ta cikin kowane kashi na takardar inshora.

Shi ma mai tafiya bai gama da kamfanoni ba, domin sabon gida sai da sabuwar inshora, banki ba zai ba da bashi ba sai da ita. A Mayun 2023 State Farm, kamfanin da ya fi kowa yawan gidaje a jihar, ya daina karɓar sababbin masu inshorar gida, a Maris 2024 kuma ya sanar da cewa ba zai sabunta wasu takardu 72,000 ba. Wanda kowa ya ƙi sai ya koma FAIR Plan, asusun da aka kafa a 1968 don waɗanda kasuwa ta juya wa baya, mai tsada kuma mai taƙaitaccen tanadi. Bayan gobara kwamishinan inshora, Ricardo Lara a wannan karon, yana hana kamfanoni sallamar mutane na shekara guda, amma kariyar ta yankin da wuta ta shafa ce. Wanda ya sayi gida mai arha a wani gari da ke gindin wani dajin, daga farko zai fara neman mai karɓarsa.

Duk wannan tunani ana yin sa ne agogo yana tafiya. Doka ta ba da aƙalla wata 36 daga biyan farko don mutum ya gina ko ya saya ya karɓi ragowar kuɗinsa, ana iya ƙara masa in jinkirin ba laifinsa ba ne. Kuɗin zaman wucin gadi kuwa wata 24 ne, da yiwuwar ƙarin wata 12. Ga mutanen Palisades da Altadena wata 24 ɗin yana cika a Janairun 2027. Sai dai dokar lokaci ta tsawaita, ba ta ƙara kuɗi ba. Takardu da yawa sun rubuta iyakar dala ga wannan kashi, kuma a kasuwar hayar Los Angeles, inda dubban iyalai suka fito neman gida a mako guda, adadin da aka yi zaton zai kai shekara biyu yana iya ƙarewa tun kafin a zuba harsashi. Daga ranar da ya ƙare, iyali suna biyan haya daga aljihu, suna biyan bashin gidan da ya ƙone, ga kuma dillali yana kira.